Ruwan Famfo da Wutar Lantarki

Sanin kowa ne cewa injuna ne suke tura ruwan famfo zuwa cikin gari, su kuwa da lantarki suke aiki. Saboda haka in wuta ta ɗauke, ruwa ma sai ya ɗauke. An ga haka a watan Oktoba na 2024, sa'ad da lalacewar manyan layuka ta bar jihohin Arewa da dama cikin duhu fiye da mako guda.

Janareta yakan rage wahala, amma man dizal yana da tsada, ga kuma hayaƙi. Abin da ya fi shi ne kowace matatar ruwa ta mallaki wutarta mai tsabta. Alal misali, a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, an gina tasha mai megawat 10 domin ba matatar Tamburawa wuta. Haka kuma da hasken rana ana iya cika tankuna na kan tudu, irin na Goron Dutse, ruwan ya gangaro da kansa da dare. Wannan zai sauƙaƙa wa layin ƙasa nauyi da magariba, lokacin da bukatar wuta ta fi yawa.