Ko Kun Sani?

Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta wadata hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga da Shagari da ita, ƙafafunta na baya ne ke tura ta, kuma hikimar tana cikin aksil, inda ƙaramin ƙarfe mai haƙora yake juya babba. Idan ƙaramin na da haƙora 9, babban 36, sai furofela mai juya ƙaramin ta kewaya sau huɗu kafin taya ta kewaya ɗaya. In makanike ya ƙara wannan adadin kewayawar furofela, ko da motar mai sauya giya da kanta ce, za ta sami ƙarfin jan lodin gero, amma gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru, maleji kuwa ya riƙa shaidar zur.