Tururuwar da ta sauya abincin zaki

A gandun namun daji na Ol Pejeta da ke yankin Laikipia a ƙasar Kenya, jakin dawa ne cimar zaki tun fil azal. A shekarar 2003, kashi 67 cikin ɗari na naman da zakoki suka kashe a wurin jakunan dawa ne. Zuwa 2020 sun koma kashi 42, ɓauna kuwa, wadda da ba ta cikin lissafi ko kaɗan, ta kai kashi 42. Ba mafarauta ne suka jawo haka ba, ba kuma fari ba. Tururuwa ce, ƴar ƙarama kamar kiyashi.

Sai an san bishiyar kafin a gane zancen. Mafi yawan itatuwan wannan daji wata ƙaya ce dangin bagaruwa da farar ƙaya. A gindin ƙayoyinta akwai wani kumburi baƙi mai rami a ciki. Tururuwar asalin wurin takan huda shi ta yi ɗaki ta zuba ƙwai, bishiyar kuma tana tsatso mata ruwa mai zaƙi daga gindin ganye. Idan iska ta ratsa hudojin sai ka ji itacen yana fito. Ladan masauki da abinci shi ne gadi. Giwa na miƙo hanci za ta karya reshe, sai tururuwar ta fito dubu-dubu, ta shige cikin hancin tana cizo. Duk girman giwa, nan ne lagonta. Dole ta saki reshen ta yi gaba.

Wannan zaman amana ya daɗe ƙwarai, kuma ina ganin yana cikin abubuwan da suka fi ban mamaki a halittar Allah.

A farkon shekarun 2000 aka fara ganin baƙuwa a yankin, wata tururuwa da ake kira mai babban kai saboda girman kawunan mayaƙanta. Ba ta da dogon zango da ƙafarta, mutum ne ke ɗaukarta cikin kaya da ƙasar dashen itatuwa. Ta fi ƴar gida ƙanƙanta, amma ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Takan hau bishiya ta kashe masu gadin, ta cinye ƙwansu da tsutsarsu, sannan ta sauka ta koma raminta a ƙasa. Ko giwa za ta tuge itacen, babu ruwanta.

Douglas Kamaru, ɗan Kenya da ke bincike a Jami'ar Wyoming ta Amurka a lokacin, da abokan aikinsa sun bi diddigin lamarin, suka buga sakamakon a mujallar Science a Janairun 2024. Inda baƙuwar ta mamaye, ɓarnar giwaye a kan itatuwa ta ninka sau biyar zuwa bakwai. Daji ya yi fayau. Zaki kuwa ɗan kwanton ɓauna ne, sai ya laɓe ya matso kusa kafin ya yi tsalle. Da babu maɓoya, jakin dawa yana hango shi tun daga nesa. Kisan jakunan dawa ya kusa ninka sau uku a inda baƙuwar tururuwar ba ta kai ba, idan aka kwatanta da inda ta cinye.

Har zuwa lokacin binciken, adadin zakokin bai ragu ba, domin sun koma kan ɓauna. Amma ɓauna ba kanwar lasa ba ce: tana da nauyi, tana da ƙaho, tana rama faɗa, kuma sai zakoki sun taru da yawa kafin su kayar da ita. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin karkanda da raƙumin dawa, waɗanda ganyen wannan ƙaya ne abincinsu. Su ba su da wata ɓaunar da za su koma wa.

An taɓa cin galabar wannan tururuwa a tsibirin Lord Howe na Ostareliya, inda aka yi shekaru ana zuba mata abinci mai guba har aka bayyana ƙarewarta a 2018. Wancan ƙaramin tsibiri ne da ruwa ya kewaye. A Laikipia kuwa tana ƙara cin kimanin mita 50 na daji kowace shekara. Don haka mai ɗauko dashen itace ko fure daga wata ƙasa, don Allah ya duba ƙasar da ke cikin ledar kafin ya sauke ta a gonarsa.