Shekaru bakwai na Einstein a ofishin gwamnati

Ma'aikata da dama na fita aiki kowace safiya ne saboda albashi kawai, alhali hankalinsu na kan wani buri dabam. Abin da ya fi damun irin waɗannan mutane shi ne yadda za su ci gaba da aikin ba tare da burin nasu ya mutu ba.

Masanin kimiyyar nan, Albert Einstein, na cikin waɗanda suka fuskanci wannan matsala.

A shekarar 1900 ne ya kammala karatu a babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta birnin Zurich, a ƙasar Suwizalan. Burinsa shi ne ya zama malamin jami'a, amma duk wasiƙun neman aikin da ya aike wa manyan malamai ba su haifar da komai ba.

Ya shafe kusan shekaru biyu yana koyarwa ta wucin gadi, kafin mahaifin abokinsa Marcel Grossmann ya sa baki a ɗauke shi aiki a ofishin rajistar sabbin ƙirƙire-ƙirƙire da ke birnin Bern, cikin watan Yunin 1902.

Muƙamin ƙarami ne, albashin kuma faran 3,500 na kuɗin ƙasar a shekara. Aikinsa shi ne duba takardun masu cewa sun ƙirƙiro sabuwar na'ura, sa'o'i takwas a rana, kwanaki shida a mako.

Me ya hana shi karaya?

Da farko dai, albashin ya ba shi kwanciyar hankali. Ya yi aure a 1903, aka haifa masa ɗa a 1904, kuma mai iyali da bai san inda abincin gobe zai fito ba, da wuya ya zauna ya yi dogon tunani.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne abokai. Einstein da wasu matasa biyu, Maurice Solovine da Conrad Habicht, sun riƙa haɗuwa da yamma suna karanta littattafan falsafa da na kimiyya, suna muhawara har dare ya yi nisa. Cikin raha suka sa wa zaman nasu suna Olympia Academy, duk da cewa su ukun ne kaɗai.

A cikin ofishin ma yana da abokin shawara, wani injiniya mai suna Michele Besso, wanda sukan tafi gida tare suna tattauna matsalolin da suka shige wa Einstein duhu.

Haka kuma, bai raina aikin ba. Wasu daga cikin takardun da ke zuwa ofishin a wancan zamani sun shafi hanyoyin daidaita agoguna ta amfani da lantarki, kuma masanin tarihi Peter Galison na ganin hakan ya taimaka wa tunaninsa a kan lokaci.

A shekarar 1905, yana nan dai a matsayin ƙaramin ma'aikaci, ya wallafa ƙasidu huɗu a mujallar Annalen der Physik, ciki har da wadda ta sauya fahimtar masana game da lokaci da sarari. Besso kaɗai ya yi wa godiya a ƙarshen wannan ƙasida.

Ba kowa ne ke samun haka da sauƙi ba. Marubucin nan Franz Kafka ya yi aiki a wata hukumar inshorar ma'aikata a birnin Prague daga 1908 zuwa 1922, yana rubutu cikin dare, kuma ya sha kokawa cewa aikin na cinye masa ƙarfi. Manyan littattafansa sun fito ne bayan mutuwarsa a 1924.

Shi kansa Einstein, ƙasidun 1905 ba su fitar da shi daga ofis nan take ba. An ƙara masa girma a 1906, ya fara koyarwa a jami'ar Bern a 1908 yana haɗawa da aikinsa, ɗalibansa kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Sai a 1909 ne jami'ar Zurich ta ba shi muƙamin farfesa, ya ajiye aikin gwamnati. Lambar yabo ta Nobel ta 1921 da aka ba shi ta ta'allaƙa ne musamman a kan bincikensa game da haske, wanda ya rubuta lokacin yana ofishin na Bern.