Karnabal na Ivrea da Tashen Ƙasar Hausa

Manufar wannan takarda ita ce a gwada wata al'ada ta mutanen Italiya da tashe, wanda yara ke yi a Araba ta ƙasar Illela da sauran garuruwan Hausa, don a ga abin da ɗaya zai bayyana mana game da ɗaya.

Bari mu fara da kalmomin. Masana sun ce "karnabal" ta fito daga Latin, ma'anarta kuwa kawar da nama, domin biki ne da Kiristocin Katolika ke yi dab da azuminsu na kwana 40. "Tashe" kuma daga "tashi" ta ke, watau tayar da mutane su yi sahur. Ashe kowace daga cikinsu azumi ne ya raɗa mata suna.

Ivrea ƙaramin gari ne a lardin Piedmont, arewa da Turin. Tun 1808 aka haɗa bukukuwan unguwanninsa suka zama guda. Ran Alhamis a kan miƙa mulkin gari, a wasance, ga wani da a ke kira Janar. A kan kuma zaɓi mace ta fito a matsayin 'yar mai niƙa, wadda almara ta ce ita ta kashe azzalumin sarki da ya nemi keta mutuncinta daren aurenta. A 1858 aka shigo da ita cikin bikin. Daga Lahadi zuwa Talata sai a yi yaƙin lemo. Ƙungiyoyi 9 na 'yan ƙasa, a matsayin talakawa, su yi ta jifa da waɗanda ke bisa kekunan doki, a matsayin dogaran sarki. Wanda ya sa jar hula ba a jifansa.

Shi kuwa tashe, a kan fara shi bayan azumi ya kwana 10, da dare bayan an sha ruwa. Yaro ya manna gemun auduga ya dogara sanda, ya zama tsoho. Wani ya zama Jatau mai magani, yana lissafa itatuwa da cututtukan da su ke warkarwa. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman aure. A Kano har akwai Nalako, sarkin gwauraye, mai zagayawa da gwauro a ɗaure ana yi masa ba'a. M. B. Umar ya tattara irin waɗannan cikin littafinsa Wasannin Tashe.

Inda su ka yi kama shi ne, kowanne yana ba na ƙasa izinin faɗin abin da ba ya faɗuwa sauran kwanaki. Yaron da ba ya iya ɗaga ido gaban dattijo, ga shi yana kwaikwayon tafiyarsa a ƙofar gidansa, dattijon kuma ya yi dariya ya ba shi hatsi. Max Gluckman, a 1954, ya nuna cewa irin wannan tawaye na wasa ƙarfafa tsarin jama'a ya ke yi, don kowa ya san ranar da zai ƙare.

Amma akwai bambanci, kuma a nan ne abin lura ya ke. Karnabal kafin azumi ya ke, saboda haka ci da sha da ɓarna su ne adonsa. Tashe cikin azumi ya ke, shi ya sa ba'arsa ta ke tafe da gargaɗi, ladarsa kuma sadaka ce. Na Ivrea sarauta ya ke tsokana. Namu ya fi taɓa gwauro, da rago, da marowaci.

Saura magana ga malaman makarantun horon malamai. Da yawa sun ɗauki tashe bara ne kawai, a manyan birane kuma hukuma kan hana shi wasu shekaru saboda 'yan daba. Alhali kuwa wasan kwaikwayo ne cikakke, mai sutura da waƙa da amshi. Gari irin Araba, da ke kusa da Birnin Ƙonni, wuri ne da ya dace a gwada tashen Nijeriya da na Nijar, tun da harshe ɗaya ne iyaka ta ratsa. Ya kamata a sa ɗalibai su rubuta waƙoƙin yadda su ka ji su, da Sakkwatancinsu, kada su mai da su Kananci. In an gyara karin harshen, an zubar da rabin shaidar.