Sinadaran garkuwa masu juyawa kan jiki a cutar UCTD

UCTD gajeren suna ne da likitoci ke kiran wani yanayi inda mutum yake da alamomin cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta, irin su lufus, amma alamomin ba su cika sharuɗɗan da za a ce ga takamaiman cutar ba. Likitan Amurka E. Carwile LeRoy da abokan aikinsa ne suka fara amfani da sunan a shekarar 1980. Mafi yawan masu fama da ita mata ne. Alamomin sun haɗa da ciwon gaɓɓai, kasala, ƙuraje, gyambon baki, bushewar ido da baki, da kuma yatsun da kan koɗe su yi zafi idan an sha sanyi, kamar a lokacin hunturu.

Yadda sinadaran suke

Garkuwar jiki tana ƙera sinadarai a cikin jini domin su kama ƙwayoyin cuta. Wani lokaci takan yi kuskure ta ƙera waɗanda ke kama sassan jikin mai su. Mafi shahara daga cikinsu su ne ANA, masu manne wa abin da ke tsakiyar ƙwayar halitta. Wajen gwaji ana tsarma ruwan jinin mara lafiya mataki-mataki, sai a rubuta sakamako kamar 1:80 ko 1:320. Idan lambar ta biyu ta yi girma, sinadarin yana da yawa ke nan.

A shekarar 1999 Marta Mosca da abokan aikinta a birnin Pisa na ƙasar Italiya suka gabatar da sharuɗɗa uku na gane cutar: alamomin da ba su kai matsayin takamaiman cuta ba, samun ANA a jini, da daɗewar yanayin aƙalla shekara 3.

Abin da kowanne ke nunawa

Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu UCTD ne yanayinsu ke rikiɗewa zuwa takamaiman cuta, galibi cikin shekara 5 na farko. Sauran kan zauna da alamomi marasa tsanani. Nau'in sinadarin da aka samu shi ke nuna wa likita inda zai sa ido:

- Anti-dsDNA da anti-Sm suna nuni ga lufus, wadda kan taɓa ƙoda.
- Anti-centromere da anti-Scl-70 suna nuni ga cutar taurin fata.
- Anti-Ro da anti-La suna da alaƙa da cutar Sjögren mai busar da ido da baki.
- Anti-U1RNP mai yawa yana nuni ga gaurayayyar cutar da Gordon Sharp ya bayyana a 1972.
- Anti-Jo-1 yana tafiya da kumburin tsoka da ciwon huhu.
- Anti-CCP yana nuni ga amosanin gaɓɓai mai kumburi.

Anti-Ro yana da muhimmanci ga mai juna biyu, domin yana iya ratsa mabiyiya ya shafi bugun zuciyar ɗan tayi. Hakan na faruwa a kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na irin wannan ciki, shi ya sa ake ƙara sa ido a lokacin awo.

Iyakar gwajin

Samun ANA kaɗai ba cuta ba ne. Wani bincike na ƙasa da ƙasa a 1997 ya same shi a jinin kusan kashi 32 cikin 100 na masu lafiya a matakin 1:40, da kashi 5 cikin 100 a matakin 1:160. Tsufa da wasu magunguna su ma kan haifar da shi.

A Najeriya

Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka suna iya sa jiki ya ƙera irin waɗannan sinadarai, don haka sakamako mai rauni yana buƙatar taka-tsantsan a ƙasar Hausa. A 1968 likitan Birtaniya Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya ruwaito daga Ibadan cewa ba a cika ganin cututtukan garkuwa masu yaƙar jiki ba, ya kuma danganta hakan da yawan zazzaɓin cizon sauro. Rahotannin baya-bayan nan sun nuna ana samun lufus a Najeriya fiye da yadda aka zata.

Ƙananan asibitocin karkara ba su yin wannan gwaji. Mara lafiya daga Yankwashi, Roni, Gwiwa ko Babura yakan buƙaci a tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ciwon gaɓɓai a yankin sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin sanyin ƙashi ko sikila, abin da kan jawo jinkirin zuwa wurin ƙwararre.

Kulawa

Ana yawan ba da hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin da aka sani na zazzaɓi, tare da maganin rage ciwo. Likita yakan riƙa duba jini da fitsari lokaci-lokaci domin gano rikiɗewar cutar tun kafin ta lahanta ƙoda ko huhu.