Haruffa Biyu Masu Tsada: Yadda Adireshin Intanet na Ƙasashe Ya Zama Haja

Kowane shafi na intanet yana da adireshi, kuma a ƙarshen adireshin akwai 'yan haruffa da ke nuna rukuninsa. Idan haruffan biyu ne, to alamar wata ƙasa ce ko wani yanki: .ng ta Nijeriya, .ne ta Nijar, .uk ta Birtaniya. An fara raba waɗannan alamomi a shekarar 1985, kuma kusan dukkansu an ɗauko su ne daga jerin gajerun sunayen ƙasashe da ake kira ISO 3166. A wancan lokaci ba a ɗauke su a matsayin dukiya ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne dacewa. Wasu alamomin sun yi daidai da kalmomin da 'yan kasuwa ke bukata. Alal misali, Tuvalu, ƙasar tsibirai a tekun Fasifik mai mutane kimanin 11,000, ta samu .tv, watau gajeren sunan talabijin. A shekarar 2000 ta ba wani kamfanin Amurka hayar alamar a kan dala miliyan 50 na tsawon shekara 12. Haka nan Anguilla, tsibirin da ke ƙarƙashin Birtaniya a yankin Karebiyan, ta samu .ai, wadda ta dace da gajeren sunan ƙirƙirarriyar basira a Turance. Bayan fitowar ChatGPT a 2022 sai kamfanoni suka yi mata ca, har gwamnatin tsibirin ta samu kusan dala miliyan 32 daga rajista a 2023.

To, ina ribar ɗan kasuwa? Adireshi ɗaya ba ya zama na mutum biyu a lokaci guda, kuma gajerun sunaye ba su da yawa. Da haruffan Turanci 26, sunaye 676 kaɗai za a iya haɗawa masu harafi biyu. Saboda haka wanda ya riga yin rajistar suna mai sauƙin tunawa yakan riƙe shi har mai bukata ya zo ya taya. Ta haka aka sayar da you.ai a kan dala 700,000 a 2023.

Sai dai wannan ciniki yana da haɗari. Da farko, mai rajista haya ya kama, dole ya riƙa sabuntawa, ko an samu mai saye ko ba a samu ba. Na biyu, hukumar da ke kula da alamar ita ke da ikon sauya sharuɗɗa. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, mazaunanta da ba su cika sharaɗi ba sun rasa adireshinsu na .eu a 2021. Na uku, alamar kanta tana iya gushewa, kamar yadda aka soke .yu ta Yugoslabiya a 2010. Shi ya sa masu .io suka shiga zullumi a Oktoban 2024, lokacin da Birtaniya ta sanar da shirin miƙa wa Moris tsibiran Chagos, domin alamar ta wannan yanki ce.

A taƙaice, darajar irin wannan adireshi ta rataya ne a kan yayin kalma da kuma siyasar ƙasar da ke da alamar, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da ke hannun mai zuba jari.