Nutso da Tulun Iska a Tafkin Kan Tsauni: Darasi ga Ƙasar Kano

Gabatarwa

Birnin Kano ba ya bakin teku, ba ya kuma bakin babban kogi, amma nutso ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen cikin birni da ita haƙo ta aka yi, ramukan da aka bari kuwa su ne suka zama kududdufai. Ko a shekarar 1851, sa'ad da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya iso Kano, ya tarar da ruwan Jakara kwance daura da Kasuwar Kurmi. Har yau in yaro ya faɗa kududdufi da damina, ko wani ya zurma rijiya, akan nemi gwanayen ruwa ko 'yan kwana-kwana su tsamo shi.

Gwanin gargajiya yakan cika huhunsa da iska a sama, ya nutse, ya fito kafin numfashinsa ya ƙare. Akwai kuma nutson zamani, wanda mutum yake goya tulun ƙarfe cike da matsattsiyar iska, yana shaƙa ta wani famfo da ke bakinsa. Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, su ne suka daidaita wannan famfo a 1943. Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa mai nutso da tulu yana da hatsarin da gwanin kududdufi bai san shi ba, kuma hatsarin ƙaruwa yake yi gwargwadon tudun ƙasa da sanyin ruwa.

Nauyin Ruwa da Nauyin Iska

Iskar da ke kewaye da duniya tana da nauyi, tana kuma danne kowa, ko da yake sabo ya hana a ji. A bakin teku akan ƙirga wannan danniya a matsayin awo ɗaya. In mutum ya nutse, kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara masa wani awo ɗaya. Ke nan wanda ke zurfin mita 20 yana ƙarƙashin awo uku, iskar da yake shaƙa daga tulu kuwa da wannan matsi take shiga huhunsa.

Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, wanda jiki ba ya amfani da shi. A ƙarƙashin matsi yakan narke cikin jini da tsoka, kamar yadda iska take narke cikin lemon kwalba muddin murfi na rufe. In aka ɓalle murfin farat ɗaya, sai kumfa ta taso. Haka yake faruwa ga wanda ya taso da gaggawa: kumfa ta tsiro a jininsa da gaɓoɓinsa, abin ya fara da ciwon gwiwa ko kafaɗa, ya kai ga shanyewar jiki ko ajali. Paul Bert na Faransa ne ya bayyana dalilin cutar a 1878, sa'an nan a 1908 Haldane na Birtaniya ya tsara jadawalin da ke nuna inda mai nutso zai dakata a hanyarsa ta tasowa, da tsawon dakatawar. Daɗin daɗawa, wanda ya shaƙi iskar tulu a ƙasa ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar za ta kumbura ta yaga masa huhu. A nan ɗabi'ar gwanin gargajiya ta riƙe numfashi, wadda ita ce ƙwarewarsa, ta zama ajalinsa.

Abin da Tudu Yake Sauyawa

Jadawalin farko don teku aka yi shi, wato an ƙaddara mai nutso zai fito cikin iska mai awo ɗaya cif. A kan tsauni kuwa iska ba ta kai wannan nauyi ba. Alal misali, Tafkin Titicaca da ke tsakanin Peru da Bolibiya, inda Cousteau ya kai jama'arsa suka yi nutso a 1968, yana bisa tudun mita 3,812, iskar wurin ba ta cika kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba. Abin da ke haddasa kumfa shi ne ninkin da ke tsakanin matsin ƙasan ruwa da na samansa. Saboda haka mita 20 a Titicaca daidai take da fiye da mita 30 a teku.

Sojojin Suwizalan sun ɗanɗana wannan a 1969 a Tafkin Silvaplana, mai tudun kusan mita 1,800, inda wasunsu suka kamu da cutar bayan sun bi jadawalin teku. Daga nan likitan nan Bühlmann na Zurich ya tsara jadawali na musamman don tafkunan tsauni.

Sanyi kuma yana ƙara dagula al'amari. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. In jiki ya yi sanyi, jijiyoyin fata da na hannuwa da ƙafafu sukan tsuke, jini ya rage gudu, naitirojin ya yi jinkirin fita. Yatsu su ƙage, tunani ya dushe. A ruwan da ya kusa daskarewa, famfon shaƙar ma kansa yakan yi ƙanƙara ya riƙa zubar da iska.

Inda Zancen Ya Shafi Kano

Mai karatu zai ce ina ruwan Kano da tsaunukan Peru. Amsa ita ce, a ƙa'idar masu wannan sana'a, duk nutson da aka yi a wurin da ya ɗara mita 300 bisa teku nutson tudu ne. Birnin Kano kuwa yana bisa tudun kusan mita 480. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Challawa, duk sun haye wannan iyaka. Bambancin kaɗan ne, amma ba a raina shi in nutson ya yi zurfi ko ya daɗe. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, inda haƙar kuza ta bar ramuka masu zurfi cike da ruwa mai sanyi, mita 20 daidai take da mita 23 a teku. Har ila yau, wanda ya gama nutso a Legas ya hau jirgin sama nan take, ko ya fito daga Tiga ya kama hanyar Jos, ya sake ɓalle murfin kwalbar ne. Don haka ake son ya jira sa'o'i 12 zuwa 24.

Kammalawa

Ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayen kayan nutso, ko ɗauko masu duba gindin madatsar ruwa, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu a takarda. Shin jadawali ko na'urar lissafin masu nutson an daidaita su da tudun wurin? Shin suna da rigar da ke tsare ɗumin jiki? Ina kuma ɗakin matsi mafi kusa, wato ɗakin ƙarfen da ake sa wanda kumfa ta kama a mayar da shi cikin matsi a sassauta a hankali, kuma sa'a nawa ake yi kafin a kai can? Gwanayen ruwa na cikin birni sun cancanci a fara da su wajen horo, domin ba sa tsoron ruwa, amma tilas a koya musu cewa tulu ya zo da dokokinsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a wannan sana'a kuwa sau da yawa maganin yana nesa.